Kayan Tarihin Ƙasar Irokadac

Duk wanda ya taɓa shiga gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai, wanda aka buɗe tun 1959, ya ga wata rumfa da aka keɓe wa wani busasshen icce. Iccen Tenere ke nan. Ya yi shekaru tsaye shi kaɗai a tsakiyar hamada, sai an yi tafiyar ɗaruruwan kilomita kafin a ga ɗan'uwansa, har 1973 da wani direban babbar mota ya rasa abin kaɗewa a duk faɗin Sahara sai shi. Aka kwaso gawar iccen aka kai birni, yau sai ka biya kuɗi ka gan ta. Ranar da na tsaya gabanta na ce a raina, in dai kututture zai samu rumfa da mai gadi, to mu ma a Cadakori muna da kayan da za a biya a gani.

Ashe wani ya riga ni, kuma ya fi ni ƙarfin hali. A 1972 wani malamin zane a jami'ar Cornell ta Amurka, Norman Daly, ya baje kolin kayan tarihin wata daula mai suna Llhuros: gumaka, kayan tsafi, waƙoƙi, har da sharhin manyan masana. Daular ba a taɓa yin ta ba. Masanan ma shi ya ƙage su, kayan kuwa tarkacen gida ne ya yi wa kwalliyar tsufa. Na ce madalla, tarkace dai ba za a nuna mana arzikinsa ba. Da aka gama girbi na share zauren gidanmu, na yanka kwalin sukari na yi alluna, na rubuta a bakin ƙofa da manyan baƙaƙe: BAJE KOLIN KAYAN TARIHIN ƘASAR IROKADAC. Shiga dala ashirin.

Abin da mai shiga zai fara cin karo da shi agogon bango ne, irin wanda ake rataya wa amarya, babu batir a ciki. Allonsa ya ce wannan shi ne agogon hukuma na ƙasar. Mutanen Irokadac ba su san ƙarfe kaza ba. Lokutansu huɗu ne: yanzun nan, ina zuwa, ga ni bisa hanya, da in Allah ya kai mu. Masu bincike sun tabbatar “ga ni bisa hanya” daga kan tabarma ake faɗinta, wani lokaci ma mai faɗin bai nemo takalminsa ba. Taron ƙarfe tara sai rana ta take tsaka ake buɗe shi da addu'a, wanda ya zo ƙarfe taran kuwa shi zai jera kujeru, kuma a yi ta yi masa kallon marar aikin yi. Abu biyu kaɗai aka taɓa ganin sun riƙe wa lokaci, shan ruwa da azumi da rabon kayan agaji.

Daga nan sai abin da na fi alfahari da shi, wani allon ƙarfe mai tsatsa da na ciro daga ƙofar garken awaki. An yi masa rubutun Faransanci mai tsawo, rana ta cinye rabi, awaki sun goge sauran. Wannan shi ne kabarin furoje. Furoje wata halitta ce da kan shigo ƙasar cikin farar mota mai dogon eriya, ta tara mutane ƙarƙashin icce, ta tambaye su matsalolinsu, ta rubuta, ta zauna shekara uku, ta haifi allo, ta tafi. Wata ta zo bayanta ta sake tambayar matsalolin, su kuma mutanen, da yake masu karamci ne, ba su taɓa ce mata an riga an tambaya ba. Allon kan fi aikin tsawon rai, shi ya sa ake samunsa ya zama ƙyaure, ko murfin rijiya, ko inuwar kaji.

Kusa da shi na ajiye takardar sa hannu, wadda a Irokadac ta fi takardar gona daraja. In an kira taron horo ba a tambayar me za a koya. Abin da ake tambaya shi ne, “Akwai sa hannu?” In an ce akwai fardiyam, har wanda ya kwana da zazzaɓi sai ya miƙe. Akwai wani gwarzo a tarihin ƙasar da aka horar kan yin sabulu, da kiwon rago, da shayar da jarirai nonon uwa zalla, duk a wata ɗaya. Ya dangwala sau uku a takarda guda, da aka yi magana ya ce Allah yatsu goma ya ba shi, bai ga dalilin da zai bar tara suna zaman banza ba.

Gaskiya dai akwai abin da na nema ban samu na sa ba. Na so in kawo akwatin ƙarfe na Mata Masu Dubara, asusun da aka fara a jihar Maraɗi a 1991 har ya bazu ƙasashe da dama. Shi ma furoje ne ya kawo shi, amma mata suka karɓe abinsu, kuma da na je aro suka ce ranar zubi ta kusa, in ba su wuri. Haka na so in kawo gawo ko kalgo daga irin waɗanda manoma suka riƙa bari suna tofowa a gonaki tun shekarun 1980, daga nan har Agye da Gazawa, amma suna can tsaye suna aiki. Gidan tarihi ba ya karɓar abin da ke da sauran amfani.

Ɓangaren mata ya ba ni wahala. Jeren samira na samu, ɗaya bisa ɗaya har rufin zaure, kowane na walƙiya, babu wanda tuwo ya taɓa shiga cikinsa. A allon na bayyana cewa a Irokadac uba kan buɗe rumbu da kaka ya sayar da gero da araha don ya sayi kwanonin da ba za a ci abinci a ciki ba, in damina ta yi tsakiya ya koma kasuwa yana awon tiya da tsada, a tuƙa a zuba a lotsattsen kwano guda da aka gada tun kaka ta wajen uwa. Abin da ya gagara shi ne littafin buki. Wannan kundi ne da ko bankin BCEAO bai kai shi riƙe lissafi ba. Wadda ta kawo miki jika ɗaya ranar sunanki, ranar nata ki kai biyu, ita kuma ta dawo da huɗu, a yi ta hawa har ɗaya ta sayar da akuya. Matar da ba ta taɓa taka ƙofar lakwal ba za ta gaya miki dala nawa kika rage mata shekara goma sha biyu da suka wuce, da launin zanen da kika ɗaura ranar. Na roƙi uwargida ta ba ni aron nata na kwana uku. Ta dube ni ta ce, “Malam, ka taɓa littafin nan, ka taɓa igiyar aurenka.” Sai na ajiye littafin ƴaƴana na lissafi na rubuta cewa kwafi ne, na ainihin yana hannun hukuma.

Don kada a ce na yi son kai, tsakiyar zaure na ba maza. Butar shayi ce ƴar ƙarama, baƙa ƙirin, bisa murhun waya. Ita ce majalisar dokokin ƙasar. A gabanta ake sasanta Rasha da Yukiren tsakanin kofi na farko da na biyu, a kori kocin Barcelona kafin na uku. In lokacin kokowa ya zo kuwa, tun daga Kantu na Maraɗi da ya ɗauki takobin farko a Tawa a 1975 babu karawar da ba a sake yi a bakin butar nan ba, kuma wanda ya fi kowa sanin inda ɗan kokowa ya yi kuskuren kafa ƙafa shi ne wanda in an ce ya kama buhun gero sai ya tuna da ciwon bayansa. Sukarin bashi ne. Gefe na rataya tsohuwar waya, wadda masu ita ke amfani da ita ta hanya biyu: su yi maka bip su kashe don kai ka kira, ko su aiko saƙon murya na WhatsApp mai minti bakwai, shida gaisuwa, na bakwai a ce dama ba komai.

Furen ƙasar ma na kawo, reshen ƙaya da baƙar leda ta yi wa ado. Ba ya son ruwa, ba ya jin fari, yana toho rani da damina. A Nijar an kafa dokar hana irin wannan leda tun 2014, amma da alama labarin bai kai Irokadac ba, jar akuya ce kaɗai ke ƙoƙarin aiwatar da dokar, da bakinta.

Na sa a yi shela za a buɗe ƙarfe huɗu. Mutane suka fara isowa ana shirin kiran magariba. Kowa ya zo bakin ƙofa sai ya shafa aljihu ya ce, “Rubuta, in na fito.” Suka shiga suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Wani ya ce wallahi waɗanga mutane Zabarmawa ne, aka tafa, don Bagobiri ba ya ganin abin dariya bai kai shi gidan taubashinsa ba. Maƙwabcina ya tsaya gaban allon furoje ya yi shiru, can ya ce, “To ni yanzu awakina da mi za su kwana?” Wani kuma ya zagaya sau biyu, ya matso kusa da ni ya rage murya ya ce, akwai sa hannu?

Kawuna ne ya ɓata mini shiri. Juya suna dabara ce da na aro daga Horace Miner, wani masani da ya taɓa zama a Tumbutu. A 1956 ya rubuta labarin ƙabilar Nacirema, masu ɗakin tsafi a kowane gida, masu cusa ɗan icce mai gashi a baki kowace safiya, ɗalibai suka yi ta mamakin wannan duhun kai kafin su gane Amurkawa ne da buroshin haƙori, an juya sunansu. Abin da ban lissafa ba, kawu almajiri ne. Da allo ya tashi, boko da girma ya koye shi a yaƙi da jahilci, har yau idonsa daga dama yake fara karatu. Ko zauren bai shiga ba, ya ɗaga kai ya dubi allon ƙofa ya ce, “Ca, da, ko, ri. Kai yaro, mu kake ma ba'a?”

Na ce, “Allah shi ba ka haƙuri, Kawu, raha ce.”

Ya shiga ya duba komai a natse, bai yi dariya ba ko sau ɗaya. Da ya gama ya ce kayan sun yi, amma na mance da babba. Ya sa aka kawo turmi aka kife a tsakiyar zaure, ya ce in hau in zauna, ya sa wani yaro ya rubuta a kwali: ɗan bokon ƙasar, wanda ya yi kwana uku a Yamai ya dawo yana ma mutane dariya, alhali jika biyar ɗin kawunsa na wurinsa tun bara. Nan ne aka yi dariyar da ta fi ta duk yinin, kuma wannan karon babu wanda ya ambaci Zabarmawa.

Kwana uku aka yi ana baje kolin. Kuɗin shiga duk suna rubuce a littafi, ko dala ban riƙe ba. Allon furoje ya koma garke, samira ta koma ɗaki an ƙirga ta sau biyu. Agogon wani ya ara zai kai a sa batir, murhun ma an ara, har reshen ƙayar wata ta ja ta kai murhu. Don haka ina roƙon bawan Allahn da ya ari butar shayin, wanda ya ce baƙi ya yi daga Gidan Rumji, ya taimaka ya maido, don ni ma aro na yi. Na kira shi jiya, ya ce ga shi bisa hanya.