Lasifika Mai Ɗauke da Buhun Gero

A ƙasar Turai, masu son kiɗa kan kashe kuɗi su sayi ƙarfe mai nauyi su ɗora wa lasifika don ta daina kakkarwa. Mu a Maraɗi tuni muka gama wannan karatu, kuma ba da ko dala ba.

Dalilin a fili yake. Idan ganga ta buga, fatar lasifika na tura iska gaba, akwatin kuma in ba shi da nauyi sai ya girgiza, tebur ya ɗauka, kwanukan jeren amarya su amsa amshi. Ka danne akwatin, ka sa tsohon silifa a ƙarƙashi, sai sauti ya fito tas. Wajen dannewar, yashi ya fi bulo, domin shanye girgizar yake yi.

Wani tela ya ɗora tsohon dutsen guga. Wani manomin rani a Jiratawa ya aza jarkar ruwa, matarsa na gefe tana addu'ar kada murfi ya kwance. Gwanin duka shi ne magidancin Tibiri da ya ɗora buhun gero. Ran da lasifikar ta fara rarrafe zuwa bakin tebur, uwargida ta leƙo ta ce: "Malam, ko rediyo ma ya san gero ya kusa ƙarewa."