Mas'alar Tsohuwar Mota: A Gyara ko a Sallama?

Ka sani, ya ɗan'uwa mai karatu, Allah ya yi maka jagora, cewa daga cikin mas'alolin da suka raba kan magidanta a wannan zamani, har aka kasa samun ijma'i a kansu a majalisun ƙofar gida da teburan masu shayi, akwai mas'alar mutumin da aka jarrabe shi da tsohuwar mota, wadda ya saya tun 'ya'yansa suna goye, ga shi yau sun isa tura ta: shin ya ci gaba da nema mata magani ne, ko kuwa ya sallame ta da alheri ya nemi wata?

Farkon abin da ya wajaba a kanka shi ne ka san matsayin da ta kai, domin tsufa hawa-hawa ne. Muddin kana ajiye ta duk inda ka ga dama, to, da sauranta. Amma idan ya zamana ba ka isa wurin ɗaurin aure sai ka zaga unguwar kana neman gangaren da za ka tsayar da ita. Idan yaran layinku sukan watse da zarar sun hango ka da makulli bayan sallar asuba. Idan kuma bayanta ya cika da jarkar ruwan lagireto, da galan na baƙin mai, da igiya, da dutsen tare taya, har babu sauran wurin buhun masara, to, haƙiƙa al'amarin ya kai a shimfiɗa tabarma a yi shawara.

Sai dai kada ka nemi fatawa wajen mutum biyu. Bakanike, ko da kuwa mai amana ne, da wuya ya ce ka rabu da abin da yake cefane da shi, zai kasa kunne ga inji kamar likita, ya gyaɗa kai, ya ce, "Alhaji, ai irin wannan ƙarfen an daina yin sa, filogi ne kawai da ɗan wankin kafireta." Dillali kuwa, wanda la'ada ke jiransa a sayarwa da saye baki ɗaya, zai tabbatar maka cewa wadda zai kawo, wata Hajiya ce take hawanta, daga gida sai gidan biki.

Alƙalin da ba ya karkata shi ne ɗan littafi da alƙalami. Ka rubuta duk abin da ta ci na tsawon wata 12, har da kuɗin adaidaita sahu na ranakun da ta kwana a gareji, sa'an nan ka dubi irin cutar, domin a nan illar hukunci take. Idan cuta ɗaya ce mai asali, kamar inji ya buga ko giyabos ya gaji, alhali gangar jiki lafiya lau, to, gyara shi ne mafifici, saboda injin Beljiyam daga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, komai tsadarsa, bai kai kuɗin mota sukutum ba. Wannan ne sirrin daɗewar Peugeot 504, wadda muke kira Fijo, da aka riƙa haɗawa a masana'antar Kaduna da ta fara aiki a 1975: kayanta a yalwace, kuma bakaniken ƙauye ma ya haddace cikinta, saɓanin motocin yanzu waɗanda ba a gane ciwonsu sai an jona musu kwamfuta. Ka ƙara da cewa a Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, hanyar Kwatano ta ƙuntata, kana darajar naira ta faɗi a 2023, har abin da dā yake sayen mota ya koma kuɗin gyaranta.

Amma idan cututtukan karɓa-karɓa suke yi, yau wajen mai walda, gobe wajen rewaya, jibi salansa ta faɗo a tsakiyar kasuwa, tana kuma shan fetur irin shan raƙumin da ya fito daga sahara, alhali tun Mayun 2023 aka janye tallafin mai, to, riƙe ta ya shiga babin almubazzaranci, ko da ana yi masa laƙabi da ƙana'a.

Akwai wuri guda da raha ba ta da hurumi a cikinsa. Motar da tsatsa ta cinye ƙashin bayanta, ko birkinta sai an taka sau uku yake amsawa, ko sitiyarinta yake da ra'ayin kansa, ba ta cancanci ɗaukar iyali ba ko da zuwa bakin titi ne, domin rayukan da ke cikinta da na masu tafiya a ƙasa amana ce a wuyanka; irin wannan, 'yan gwangwan ne magadanta.

Idan kuwa ka yi istihara zuciyarka ta natsu ga sayarwa, ina roƙonka kada ka lulluɓe ta da sabon fenti ka yi shiru, domin shari'a ta wajabta bayyana aibin haja. Ka ɗaga wa mai saye murfin inji, ka nuna masa inda take ɗigar mai, ka miƙa masa littafin nan ya karanta, sa'an nan ku yi ciniki.