Halin Mutum a Man Giya Yake

Kafin wani malami ya yi ta'awizi ya ninke takardar nan, bari in wanke kaina: giyar da nake magana a kanta ta mota ce, wadda direba ke damƙa da hannun dama ya jefa lamba ɗaya. Ita ma takan sa magidanci sambatu, amma sai ranar da bakanike ya faɗa masa kuɗin gyaranta.

Akwai wani gareji a bakin titin da ya taso daga Sakkwato, ya ratsa Tambuwal, ya nufi Jega, inda tsofaffin Fijo ke zuwa jinya. Peugeot 504 ta fito a Faransa a 1968, ta zama 'yar gida bayan kamfanin PAN ya buɗe masana'antarsa a Kaduna a 1975, har ta kai in an ce mota, ita ake nufi. Yau Golf da Sharon sun ƙwace mata tasha, amma tsirarun da suka rage suna nan suna jan buhunan albasa da raguna da amarya da kayan ɗakinta. Na kwashe mako guda a kan bencin garejin nan, na kuma gano cewa in kana son sanin halin mutum ba sai ka yi tafiya da shi ba. Ce masa kawai, "Ya kamata a canza man giya."

Aikin kansa ba wani abin a-zo-a-gani ba ne. A ɗan zaga da motar man ya saki jiki, a tsayar da ita daidai a kan rami, a fara kwance notin gefe inda ake ɗurawa, sannan na ƙasa. A bari ya tsiyaye, a mayar da noti da sabon washa, a ɗura sabo da tiyo har ya fara dawowa ta ramin gefen. Lita ɗaya da 'yar ɗoriya, rabin sa'a an gama. Matsalar ita ce baƙin man inji yana da sandar da ake zarowa kowace safiya, shi kuwa man giya sai wanda ya kwanta a ƙarƙashin mota ke ganinsa. Abin da ido ba ya gani kuwa, nan kowa ke sakin halinsa.

Na farko shi ne Alhaji Tun-Kaduna. A wurinsa rashin taɓa giya abin alfahari ne, kamar dattijon da ke cewa allura ba ta taɓa shiga jikinsa ba. Yakan daki bayan motar ya ce, "Yaro, wagga mota man da anka zuba mata Kaduna shi na ciki har yau. Wa za ya ba ni irinai yanzu?" Da ƙyar da lallashi ya yarda a buɗe. Abin da ya fito bai cika kofin shayi ba, baƙi ƙirin, yana tafiya a hankali kamar wanda aka tasa daga barci. Alhaji ya leƙa cikin daro, ya yi shiru, sannan ya juyo ya ce, "Ka gani ko? Shekara nawa, kuma bai ƙare ba!"

Sai Mai Kauri. Shi da ma'aunin tuwo yake auna mai: in ba ya tsayawa a yatsa, ruwa ne. Lamba 90 a wurinsa na yara ne, sai 140, da akwai wanda ake yankawa da wuƙa da shi zai saya. Hujjarsa ita ce da ya zuba, kukan da giyar ke yi ya ragu. Gaskiya ne, kamar yadda mai ciwon haƙori kan yi shiru in an cusa masa tsumma a baki. Ranar da hunturu ya sauka, man ya daskare, za ka gan shi da asuba a ƙofar gida yana kokawa da lamba biyu da hannu bibbiyu, jijiyar wuya a waje, giya na ƙara kamar injin niƙa ya haɗiyi tsakuwa. Abin da ba zai taɓa yarda da shi ba, ko ka dafa masa littafin motar ya sha, shi ne cewa masu ƙera 504 baƙin man inji suka ce a zuba wa giyarta, mai kaurin nan na aksul ɗin baya ne. "Bature bai san zahin ƙasag ga ba," in ji shi, magana ta ƙare.

Na uku Malam A-Ɗiga. Ba ya canza mai, ciko yake yi. Yakan zo da nasa a cikin tsohuwar gorar ruwa, wanda ya saya a bakin hanya, ba suna ba lamba, mai sayarwar ma bai san iyayensa ba. In an matsa masa aka juye tsohon, sai ya tsuguna a bakin rami yana gadin daro. Tambayarsa ta farko, "Oga, in anka tace shi da ƙyalle ba ya komawa?" In an ce a'a, sai ya ɗure abinsa ya tafi da shi: rabi na azarar ɗaki saboda gara, rabi na ƙafar amalanke. Ko washan tagullan nan na 'yan nairori sai ya ce a juya tsohon ta ɗaya fuskar. Bayan kwana uku mota na ɗiga a zaure, shi kuma ya tara mata gwangwani. Araha dai ba ta ado, amma Malam bai ce ado ya zo yi duniya ba.

Ga kuma Ɗan Waya, wanda ya gaji motar mahaifinsa bayan ya gama karatu a Sakkwato. Yakan iso cikin farar shadda, ya tsaya nesa da rami taku biyar, waya a hannu. "Oga, man nan GL-4 ne ko GL-5? Domin na biyun yana da sinadarin farar wuta da yawa, yana iya cin zobban tagulla da ke daidaita gudun haƙora a tsohuwar giya." Bakanike ya goge hannu da tsumma, ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Ɗan'uwa, casa'in kaka so ko ɗari da arba'in?" Abin haushin shi ne yaron yana da gaskiya. Zobban nan su ke sa giya ta shiga ba ƙara, kuma man da bai dace ba yana gajarta musu kwana. Sai dai gaskiyar da aka faɗa daga taku biyar ba ta isa cikin rami. Bai san inda notin yake ba, in ka nuna masa aksul ka ce giya ce, godiya zai yi ya ɗauki hoto.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne Ni-Ma-Na-Iya. Ya taɓa tsayawa sau biyu ana yi yana kallo, don haka ranar Asabar ya shimfiɗa buhu a gindin dogon yaro, ya aro sifana. Notin ƙasa ya fara kwancewa, domin shi ya fi kusa da hannu. Mai ya zube tas. Da ya koma kan na gefe sai ya tarar ya ci tsatsa ya kafe, ya murɗa, ya murɗa, har bakin notin ya sule. Ga mota ba mai, ga ƙofar zuba mai a kulle. Yana da ƙane a wannan sana'a, wanda ya juye man giya yana zaton na inji ne, sannan ya ƙara wa inji galan guda a kan wanda ke ciki. Su biyun da igiya ake kawo su gareji, kuma kalmarsu ta farko ɗaya ce: "Wani yaro na yat taɓa ta."

Direban hanyar Kebbe shi ba ya musu, lokaci ne kawai ba shi da shi. Yakan faɗo gareji da fasinja cike, buhuna har kan rufi, bayan motar ya zauna kamar raƙumi zai durƙusa. Da damina ya sha ratsa ruwa a hanyoyin ƙauyukan Kuchi da Margai, ruwa ya sami hanya ya shiga, man ya koma kalar koko. Bakanike ya nuna masa a yatsa, ya ce sai an sauke kaya motar ta daidaita, in ba haka ba ma'aunin ƙarya zai yi. Direba ya dubi rana, ya dubi fasinja. Wata tsohuwa ta leƙo ta taga ta ce, "Ɗan nan, in kokon na bai isa ba, ga sauran nawa." Ya tayar da mota yana cewa, "Oga, sai na dawo." Yakan dawo kuwa, bayan wata biyu, giyar a cikin buhu a bayan babur. Aliero tana nan kusa, amma masu ɗorinta ba sa ɗora haƙorin giya.

Kada a manta da 'yan benci, waɗanda ko keke ba su da shi amma ba a kwance noti sai da fatawarsu. Ɗaya ya ce kuloci ne, ɗaya ya ce man zamani ne duk jabu, na uku ya rage murya ya ce shi dai tun da aka yi rikicin gonar nan motar ba ta sake lafiya ba, a nemi rubutu. Yaron garejin da ke kwance a ƙasa, mai na gangaro masa har gwiwar hannu, shi kaɗai ya ga abin da ke faruwa, shi kaɗai kuma ba a tambaya.

Ran Alhamis wani dattijo ya zo, tsohon direban gwamnati. Bai ɗaga murya ba. Ya ciro wani ɗan littafi da ya sha maiƙo daga aljihun mota, ya duba kwanan wata, ya ce lokaci ya yi. Da aka kwance notin ƙasa ya karɓa, ya shafi mayen ƙarfen da ke bakinsa, ya murza a tsakanin yatsu. "In gari na mai laushi kamar kwalli, tsufa na, ba komi," ya ce wa yaron. "In ka ji tsakuwa-tsakuwa, haƙori ya fara zuba." Ya jira man ya gama tsiyaya bai ce a yi sauri ba, ya biya, ya ƙara wa yaron na sabulu, ya rubuta a littafinsa. Motarsa ta fita tana shiga giya kamar ana zura hannu a aljihu. 'Yan benci suka bi shi da kallo, suka yanke hukuncin cewa sa'ar mota ya yi.

Ran Juma'a da hantsi ina rufe littafina, bakanike ya zo ya tsaya a kaina. "Malam, mako guda kana rubuta mutane. Waccan Fijo taka da ka aje bayan gareji tun ran Asabar, a buɗe ta ko a bari?"

Na ce masa ai ba ta kuka sosai, sai in an sa ribas, a bari sai bayan an yi albashi.

Bai ce komai ba. Ya miƙa wa yaronsa sifana, ya dubi littafin da ke hannuna, ya ce, "Akwai sauran fili a takardar?"