Akwatin Wasa a Falon Harlem: Masu Saye, Masu Jira da Masu Lissafi

Titi na 125 shi ne babbar kasuwar unguwar Harlem a birnin New York. A kansa gidan rawa na Apollo yake, haka ma ginin tsohon otel ɗin Theresa, inda Fidel Castro ya sauka a 1960 har ya gana da Malcolm X. A watan Oktoban 1994 magajin gari Rudy Giuliani ya sa aka tashi masu kasa kaya a bakin titin, aka mayar da da yawansu kasuwar Malcolm Shabazz da ke titi na 116, amma har yau masu tebur na nan da turaren tsinke da man kaɗanya, mata masu kitso 'yan Afirka ta Yamma kuma na tsaye a bakin tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa suna kiran kwastoma. Cikin direbobin tasi da masu kai abinci a keke akwai Hausawan Nijar da na Najeriya da 'yan zangon Gana, kuma idan suka haɗu a shagon aski ba a rasa abin musu. Kwanan nan, bayan ƙwallo da canjin dala, an sami na uku: ƙaramar kwamfutar wasa da ake ajiyewa a ƙarƙashin talabijin, shin ta ci kuɗinta?

Kayan dai kwamfuta ce cikakkiya da aka dunƙule cikin ɗan akwati. A watan Nuwamban 2025 kamfanin Valve, mai shagon wasanni na Steam, ya nuna tasa mai suna Steam Machine, wadda kowane gefenta bai wuce kimanin inci shida ba, ya ce ƙarfinta ya ninka na Steam Deck, na'urarsa ta riƙewa a hannu, fiye da sau shida, amma a lokacin bai faɗi farashi ba. Kamfanin ASUS na da irin tasa, ROG NUC, da kuɗinta ya haura dala 1,500. A gefe guda ga PlayStation 5, wadda ta fito a 2020 a kan dala 499 da tsawon santimita 39, ta koma dala 549.99 a watan Agustan 2025. Abin da mai sayen ɗan akwati ke biya wa kuɗi shi ne ƙanƙanta, domin matse kayan da ke fitar da zafi a ƙaramin wuri ba tare da fanka ta cika gida da ƙara ba aiki ne mai tsada. A Harlem kuwa, inda maza huɗu kan raba hayar gida mai ɗaki biyu, falo ya zama wurin cin abinci da salla da kwanan baƙo, ƙanƙanta haja ce ta gaske.

Wanda ke fara buɗe baki a kowane zama shi ne Akawu. Ba aikin akawu yake yi ba, direba ne, amma kafin a gama sallama ya buɗe kalkuletar wayarsa. Hujjarsa ita ce Sony mai PlayStation na karɓar dala 79.99 a shekara kafin mutum ya buga yawancin wasanni da abokansa ta intanet, a shekara biyar dala 400 ke nan, alhali a Steam kyauta ne, ga kuma gwanjon rani da na hunturu inda wasan dala 60 kan faɗo ƙasa da rabi. Duk gaskiya ce. Sai dai kalkuletar Akawu ba ta san harajin saye na birnin New York ba, wanda ya kai kashi 8.875 cikin ɗari, watau kusan dala 89 a kan kowane dubu. Ba ta kuma lissafa wasannin da yake kwasa a gwanjo don kawai sun yi araha. Ma'ajiyarsa ta fi wasa ɗari, waɗanda ya taɓa buɗewa ba su kai goma ba. Bayan awa goma sha biyu a kan sitiyari yakan dawo, ya kunna akwati, ya tarar wasan na neman sabuntawa, kafin layin ya cika barci ya kwashe shi da abin dannawa a kan ƙirji. Ran da Allah ya ba shi iko ya buga, sai ka same shi a cikin Spider-Man: Miles Morales, wasan 2020 da jaruminsa ke zaune a Harlem, yana lilo a saman titunan da ya yini yana neman wurin fakin a cikinsu.

Akawu yana tsoron mutum ɗaya, Injiniya. Shi Injiniya bai yarda a sayi akwati haɗaɗɗe ba, a wurinsa wannan aikin ragwaye ne. Da kansa zai hau jirgi har Micro Center ta Brooklyn, ko ya gangara B&H da ke titi na 34, kuma ya haddace cewa ba sa buɗewa ranar Asabar saboda masu shagon na kiyaye ranar hutun Yahudawa. Zai dawo da allon Mini-ITX mai faɗin santimita 17 ta kowane gefe, da katin hoto, da fanka uku, ya baje su a kan teburin cin abinci, ƙananan kusoshi a murfin kofin shayi, ya kafa doka cewa kada kowa ya taɓa tebur har sai ya gama. Kwana uku 'yan gida na cin abinci a tsaye. A rana ta huɗu za a gano katin hoton ya fi akwatin tsawo da faɗin yatsa guda.

Idan haɗi ya kammala, Injiniya ba ya wasa. Yakan buɗe wasa ne don ya zuba ido a kan 'yan lambobin da ke kusurwar talabijin, masu nuna zafin na'ura da yawan hotunan da take fitarwa a daƙiƙa. Lamba ta hau da maki biyu, ya kashe, ya kwance murfi, ya sake shafa man sanyaya. A watan Yuli, lokacin da zafin New York ke dafa gidajen da ba su da na'urar sanyaya ɗaki, fankar gidan ɗaya tak akwatin take fuskanta, mutane su yi fifita da kwali. A ƙarshen 2025 da farashin ƙwaƙwalwar RAM ya yi tashin gwauron zabi, saboda manyan kamfanonin ƙirƙirarriyar basira sun wawashe ta, Injiniya ya yi ta zagaya shagon aski yana karɓar gaisuwa domin shi ya sayi tasa tun da wuri. A yi masa adalci, duk cikin taron shi kaɗai ya san abin da ya saya.

Mafi yawa a shagon kuwa su ne 'yan ƙwallo. Ɗan ƙwallo wasa ɗaya ya sani a duniya, kuma har gobe FIFA yake kiransa ko da yake tun 2023 kamfanin EA ya koma fitar da shi da sunan EA Sports FC. A nan ne ake yin asarar da ta fi ban tausayi. Manhajar SteamOS da ke tafiyar da Steam Machine a kan Linux aka gina ta, kuma tsarin hana maguɗi na wasan ƙwallon EA ba ya aiki a kanta, haka na Fortnite da sababbin Call of Duty. Mutum ya kashe kuɗin aikin sati biyu, ya tara abokai ranar Lahadi, an sayo tsire da lemo, a danna wasa ya ƙi tashi. Maganin shi ne a ɗora wa akwatin Windows, wanda ke nufin a kira Injiniya, wanda ke nufin tebur ya sake tafiya kwana uku. Duk mai ƙaunar ɗan ƙwallo ya kama hannunsa ya kai shi inda ake sayar da PlayStation, ya sa waya biyu, ya zauna. Ko GTA VI da duniya ke jira, PlayStation 5 da Xbox aka fara yi wa alƙawarinsa.

Sai Baban Yara, wanda bai taɓa sayen abin wasa ba a rayuwarsa, kayan karatu kawai yake saye. Ya shigo da kwali a hammata, an raba masa kuɗin biya huɗu ta Klarna, ya ajiye a gaban uwargida da fuskar mai sadaukarwa: "Maman Abba, kwamfuta ce fa, don aikin makarantar yara." Ba ƙarya ya yi ba, ana iya rubutu da bincike a kanta. Uwargida ta leƙa kwalin ta ga abin dannawa har biyu, ba allon rubutu, ta ce, "To Baban Abba, da wanne a ciki ake yin lissafi?" Yaran da aka yi dominsu suna can kan wayar uwarsu suna Roblox. Abin mamaki, a gidan nan ne ɗan akwatin ya fi cin kuɗinsa, domin uwargida da ta rantse doguwar farar PlayStation ba za ta tsaya mata a falo ba ta bar wannan ya ɓuya a bayan tukunyar fure. Sharaɗinta guda ne, da zarar sabon kashin Labarina ya fito, talabijin tata ce.

A can kujerar ƙarshe akwai Mai Tabo, ba ya magana sai an tsokane shi. Shi ya sayi Steam Machine ta farko, ƙirar Alienware, da ta fito a watan Nuwamban 2015 a kan dala 449. Wasannin da ke tashi a Linux a lokacin kaɗan ne, kasuwa ta ƙi, zuwa 2018 Valve ya janye na'urorin daga fuskar shagonsa. A shekarar ce kuma kamfanin ya fito da Proton, manhajar da ta sa dubban wasannin Windows ke gudana a Linux, wadda a kanta Steam Deck ta yi suna bayan fitowarta a 2022. Ko an yi masa wannan bayani sau goma ba ya ji. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Tsohon akwatinsa yanzu shi ke tokare ƙofar banɗaki.

Mai Jira shi ma yana da tarihi a bayansa. Ya tuna PlayStation 2 da ta fito a kan dala 299 a shekarar 2000 ta sauko dala 99 a 2009, don haka kowace shekara amsarsa ɗaya ce, a bari sai gwanjon Black Friday. Zamani ya juya masa baya. Xbox Series X da ta fara a dala 499 ta koma 599 a watan Mayun 2025, ta sake hawa 649 a Oktoba. Har yanzu jira yake, kuma shi ya fi kowa zama a kan kujerar mai akwati yana cewa, "Ɗan'uwa, ba ni in ɗan gwada."

Dillali ba ruwansa da wasa. Ya ci kasuwa a 2020 da 2021, lokacin da PlayStation 5 ta yi wuyar samu ana sayar da ita ninki biyu, tun daga nan duk abin da aka ce zai yi ƙaranci yana cikin layinsa. Cinikinsa a Facebook ne, miƙa kaya kuma a ƙofar banki, inda kyamara ke kallon kowa.

Na ƙarshe ba ya zaune a Harlem, amma ya fi kowa halartar zaman, ta WhatsApp. Ƙane ne da ke Kano ko Maraɗi, ya ga hoton akwatin, yana da shirin buɗe gidan gem a ƙofar gida. A da yayansa kan fake da girman kaya da iyakar kilo 23 ta jakar jirgi. Ƙanƙanta ta rushe wannan uzuri. "Yaya, ai 'yar mitsitsiya ce, ko a jakar hannu za ta shiga." Uzurin wuta ma bai tsaya ba, domin yawancin irin waɗannan na'urori na karɓar wutar Amurka da ta gida duka. Yayan ya yi ta bayani cewa manyan wasannin yanzu kan haura gigabait 100, a saukar da ɗaya da datar waya sai an sayar da akuya, ga ɗaukewar wuta, ga ƙurar hunturu da za ta toshe 'yar fankar, kuma yaran unguwa ƙwallo za su biya su buga, wadda tsohuwar PlayStation 4 ta kasuwar Farm Centre da ke Kano ke yi ba gardama. Ƙanen ya saurara har ƙarshe, ya ce ya gane, sannan Hajiya ta kira da kanta ta ce a taimaki yaro ya kama sana'a.

Haka akwatin ke hawa jirgin ƙarƙashin ƙasa na layin A daga tashar titi na 125 zuwa filin jirgin sama na JFK, naɗe cikin rigar sanyi a jakar wani mai tafiya gida. Bayan sati biyu saƙon murya ya iso: kaya sun zo lafiya, Allah ya ƙara buɗi, Hajiya na sa albarka. Sai dai an kai ta Farm Centre an yi musanye da PlayStation 4 guda biyu, kuma idan Yaya ya sami mai zuwa, a haɗo da abin dannawa huɗu, na asali.