Tattaki Sai Mai Mota

A Kutemeshi ta gabashin Birnin Gwari, idan kana so a fara jajanta wa iyalinka tun kana raye, ka fito ranar kasuwa ka taka sayyadarka daga ƙofar gida zuwa bakin tasha. Kafin ka wuce majalisa ta biyu an tare ka: "Alhaji, lafiya? Ina mashin ɗin?" Ka ce yana gida, ƙafa kawai kake son miƙewa. Za a ce maka "madalla, ai hakan na da kyau," da irin muryar da ake yi wa mai jinya sannu. Kafin la'asar labari ya kai Kuyello cewa ka sayar da mashin ka biya bashin taki. Kafin magariba surukanka sun ji har gonar fadama ta bi shi. Wanda yake bin ka dubu biyu kuwa, ranar a sahun gaba zai yi isha'i, kafaɗarsa manne da taka.

Shi ya sa saurayin da gida uku ne tsakaninsa da masallaci sai ya fito da mashin. Ya yi ta harbawa, mashin ya ƙi tashi, ya kira yara su tura, ya sauka ya busa fulogi, ya sake hawa. Yana isa liman yana sallama. Jam'i dai ya wuce shi, amma mutunci yana nan, ba wanda ya gan shi a ƙasa.

To ga labarin da zai ba mutanenmu haushi. A Turai akwai wata hanya da ta tashi daga birnin Porto na ƙasar Fotugal, ta bi gaɓar Tekun Atilantika ta shiga Sifaniya, ta ƙare a Santiago de Compostela, inda Kiristoci suka yi imani an binne Yakubu, ɗaya daga cikin almajiran Annabi Isa (AS). Tsawonta wajen kilomita 280, tafiyar mako biyu ga mai lafiyayyar ƙafa. Mutum yana da mota a gida, wani ma biyu, ya kulle su, ya yanki tikitin jirgin sama, ya sauka, ya goya jaka, ya riƙe sanda, ya kama bin kibiyoyin da aka zana da rawayan fenti a jikin bango da duwatsu. A aljihunsa akwai ɗan littafin da ake buga wa hatimi a coci, ko a masauki, ko a wurin mai shayi. Idan hatiman suka tabbatar ya taka kilomita 100 na ƙarshe da ƙafarsa, sai a ba shi takardar shaida. A 2024 kaɗai kusan mutum rabin miliyan suka karɓi takardar, ta wannan hanya da sauran 'yan uwanta. Ya koma gida da bororo a tafin ƙafa, ya cire safa yana nuna wa abokai, su kuma suna ta sha'awa. Mu nan mai faso a ƙarƙashin babbar riga yake naɗe ƙafarsa har a tashi daga ɗaurin aure.

Da na ba Kawu wannan labari ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ɗan nan, su wa suka koro su?" Na ce, "Ba kowa, Kawu." Ya ce, "To biyan su ake yi?" Na ce ai su ke biya. Ya gyaɗa kai ya ce, "Allah Ya ba su lafiya."

Amma Kawu ya manta, ko ya yi kamar ya manta, cewa kakanninsa sun fi waɗannan Turawa taurin kai nesa ba kusa ba. Kafin jirgin sama ya zama abin hawan alhazai, mai niyya yakan biya basussukansa, ya nemi gafarar 'yan uwa, ya rataya gora da buzu, ya fuskanci gabas. Daga Kano ko Zariya sai Borno, a ratsa Chadi ta Abeche, a shiga Darfur ta Junaina da Fashir, a wuce Kordofan, a ƙetare Kogin Nilu, har Sawakin a bakin Bahar Maliya, inda ƙasa take ƙarewa a nemi jirgin ruwa zuwa Jidda. Guzuri ba ya kai mutum ko rabin hanya, don haka inda ya ƙare nan ake yada zango a yi ƙodago: noma, dako, ɗinki, ga kuma tsinkar auduga a gonakin Jazira bayan an buɗe su a 1925. Ba lissafin kwana ake yi ba, na damina ake yi. Wani ya fita da saje baƙi ƙirin ya isa da furfura da 'ya'ya uku da aka haifa a zango daban-daban. Wasu ba su ƙarasa ba, wasu sun ƙarasa ba su dawo ba. Bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a har Sudan, kuma garin da suka kafa kusa da Sennar yana nan da sunansa. Hatimi guda ba a buga wa kowa a cikinsu ba.

Jikan waɗannan bayin Allah shi ne yau yake biyan kujera, wadda a 2025 ta haura naira miliyan 8, mota ta kai shi sansanin alhazai na Mando, wata ta kai shi gindin jirgi, bayan 'yan awoyi ga shi a ƙasa mai tsarki. Tsakanin Safa da Marwa mita 450 ne ko kusa da haka, sau bakwai ya ɗan haura kilomita 3, a kan marmara, a inuwa, sanyin na'ura yana busa masa ƙeya. Ban da tsofaffi da marasa lafiya, su kam Allah Ya sauwaƙe musu, keken guragu ma don su aka tanada. Ƙato nake nufi, mai cin malmala huɗu, wanda tun a zagaye na uku ya fara tambayar nawa ake tura mutum. Ya dawo da haƙori yana walƙiya, ya shafe wata guda yana ba 'yan barka labarin wuyar da ƙafarsa ta sha, tsohuwar da ta zo yi masa sannu da zuwa daga ƙauyen da ke bayan rafi, a ƙasa, da jika a baya, tana cewa, "Wayyo Alhaji, sannu, ka sha tafiya."

Wuri ɗaya ne ƙafa take da kasuwa a ƙasar nan, shi ne idan an taka ta don babban mutum. A 2015 Suleiman Hashimu ya tako daga Legas zuwa Abuja cikin kwana 18 don murnar nasarar Buhari, aka yi masa tarba ta ban mamaki. Daga nan tituna suka cika da 'yan tattaki, kowa da jaka da tuta da hoton gwaninsa a ƙirji. Wani da ya tako daga Gombe ya samu ciwon ƙafa, a 2020 gwamnan jiharsu ya ba shi kuɗi da mota. Wannan ita ce hikimar da Turawan Santiago ba su gano ba: ana tafiyar ƙasa ne don a samu abin da zai raba mutum da tafiyar ƙasa har abada. A 2018 kuma da shi Buharin ya taka mita 800 daga filin Idi a Daura, sai da fadar shugaban ƙasa ta fitar da sanarwa. A nan ko tsakanin gida da gonar kusa ta fi haka, kuma da galma a kafaɗa. Manyanmu na Kaduna su ma ba a bar su a baya ba: likita ya ce sukari ya hau, sai a shiga jif da asuba a tafi Dandalin Murtala, a zagaya sau biyu cikin kayan wasanni, direba yana jira da ruwan gora.

Idan takardar shaida ake bayarwa da gaske, ba na jin ofishin Santiago yana da takardun da za su ishi gabashin Birnin Gwari. A ƙarshen Satumban 2021 gwamnatin Kaduna ta hana hawa mashin, aka kuma katse layukan waya a yankinmu saboda 'yan bindiga. Mai son gaishe da ɗansa a birni sai ya yi tafiya ya nemi tudun da sabis ke leƙowa. Akwai matan da suka kwana suna tafiya da goyo daga Tabanni zuwa inda ba su sani ba, akwai waɗanda aka kora cikin daji babu takalmi, kwana da kwanaki. Wannan ɓangaren ba na dariya ba ne, kuma masu shi ba sa son a tuna musu. An dai samu sauƙi, har aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari a Nuwamban 2024, Allah Ya ɗorar. Cire tallafin mai na 29 ga Mayun 2023 kuwa ya mayar da rabin masu mashin kan tafarkin kakanni, sai dai ta bayan gari suke bi, in an haɗu su ce gona za su duba.

Shi ya sa nake ba da shawara mu ma mu buɗe tamu hanyar, daga Kutemeshi ta Dogon Dawa har fadar Sarki a Birnin Gwari, masu unguwanni suna buga hatimi. Teku dai ba mu da ita, amma da damina rafi yakan yi iyakar ƙoƙarinsa. Matsalar farko ita ce awo: duk wanda baƙo ya tambaya zai turo leɓe ya ce, "Ga shi nan bayan waccan kukar," ko da sauran yini guda. Ta biyu gaisuwa. Baturen da ke cin kilomita 20 a rana, idan ya faɗa hannun majalisunmu, ina gajiya, ina iyali, ina wajen su Hajiya, ya muka ji da haƙurin rashin da aka yi bara, zai yi sa'a in ya ci biyu. Ga rakiya: mai gida ya raka shi bakin gari, kunya ta sa shi ma ya rako mai gida, a sake lale.

Duk da haka na san za a kafa kwamiti, da shugaba da ma'aji da uban tafiya. Za a buga riguna da huluna, a kafa rumfa, a ɗauko maroƙi. Ranar ƙaddamarwa jama'a za su zauna tun hantsi har azahar, sannan sakatare ya karɓi lasifika ya ce, "Jama'a a yi haƙuri, an ɗage tattakin zuwa bayan girbi. Motar da za ta ɗauko mahalarta ba ta samu mai ba."