Firijin Alhaji Ya Fara Fitsarin Kwance

A Dutsi in mutum ya samu kuɗi ba ya faɗa da baki, kayan falo ke yi masa shela. Da can rediyo mai kaset ne, aka koma talabijin mai ƙatuwar ƙeya, aka zo kan kujerun da ba a cire musu leda har su mutu. Yanzu kuwa firiji mai ƙofar gilas ake yayi, kuma wurinsa falo, daidai inda idon baƙo zai sauka kafin a amsa masa sallama. Kicin ai baƙo ba ya shiga.

Wani Alhaji a unguwarmu ya sayo nasa a Sabon Garin Kano, cikin gwanjon Turai da ake kira Beljiyam. Baƙi ne siriri, da shuɗiyar fitila a ciki, da shantuna na katako masu ɗan kwarmi. Mai shagon ya ce masa na lemon manya ne. Bai yi ƙarya ba, bai dai ƙarasa magana ba: firijin ajiye giyar inabi ne. Kwarmin nan an yi shi ne don kwalba ta kwanta, abin da ke ciki ya riƙa jiƙa toshiyar bakinta kada ta bushe iska ta shiga. To, a jihar da ta ƙaddamar da Shari'a tun shekarar 2000, firiji bai samu aikin da ya saba ba. Ya tuba, ya rungumi zoɓo da kunun aya da ruwan leda, har da ƙwaryar fura da aka cire shantu biyu kafin ta shiga.

Tubansa dai bai canja masa hali ba. Irinsa ana yin su ne don su riƙe sanyi sama-sama, wajen digiri 12, alhali firijin gida na sauka zuwa 4. A watan Afrilu, ana zafin da ya haura 40, baƙo zai kurɓi ruwa ya ji kamar daga randa aka ɗebo, amma ya dubi shuɗiyar fitila ya ce, "Kai, Alhaji, wannan sanyi sai ƙasar waje!"

Da damina ta kankama a Agusta, aka wayi gari kafet ya jiƙe sharkaf. Nan fa kowa ya zama likita.

Uwargida ce ta fara. Ta ce ita dai ba ta ce komai ba, amma shekara nawa tana gidan nan ba a taɓa ganin ruwa a falo ba sai bana. Kowa ya san me aka yi bana. Amarya ta ce ai yaran wasu ne ke buɗe shi sau ɗari a wuni don kallon fitila. Inna, mahaifiyar Alhaji, ta leƙo ta ce, "Ɗan nan, tun ranar da aka shigo da shi na ji yana gurnani cikin dare. Kayan da ba ka san hannun da ya fito ba, ka sa shi inda kake salla?" Aka yi hayaƙin habbatussauda, aka yayyafa ruwan tofi. Ruwan tofin ya ƙaru a kan na kafet.

A majalisar bakin titi kuwa hukunci ɗaya ne, wanda ake yanke wa kowane firiji daga nan har Daura: gas ya ƙare. Ba ya sanyi, gas. Yana ƙara, gas. Ƙofa ta karye ma, a fara duba gas. Mai gyara ya iso da tukunyarsa ɗaure a bayan babur, tun bai kashe inji ba ya ce, "Ranka ya daɗe, gas ne." Bai ga firijin ba tukuna. Ya ɗura, ya karɓi kuɗi, ya tafi. Washegari ruwa ya kai ƙafar kujera.

Gas ɗin firiji ba ya zama tafki a ƙasa. In ya tsiyaye, iska yake bi, firiji ya daina sanyi, daɓe ya zauna a bushe. Ruwan da ke kwarara raɓa ce. Iskar damina cike take da laima, duk buɗe ƙofa sai ta shiga, ta taɓa bangon baya mai sanyi ta zama ɗigo. Nan amarya ta yi gaskiya, ko da yake ba don Allah ta faɗa ba. Ƙara da kunun da ake turawa da zafinsa yana tururi, da ƙanƙarar da ke narkewa duk lokacin da aka ɗauke wuta. Masu ƙera shi sun san da haka, shi ya sa suka yi wani ɗan rami a ƙasan bangon baya daga ciki. Ruwan na bi ta nan zuwa wani faranti a bayan firijin, kusa da injin, zafin injin ya busar da shi. In ramin ya toshe, ko farantin ya tsage, ko firijin ya karkata gaba, sai ruwa ya nemi hanya ta ƙofa.

Matsalar ita ce ba a ganin ramin nan sai an durƙusa. Wa zai durƙusa? Alhaji da babbar riga? Uwargida ta durƙusa wa abin da aka saya a shekarar amarya? Mai gyara ya durƙusa ya gano aikin da bai kai a biya shi ba?

Akwai kuma robar bakin ƙofa, wadda in ta saki take barin iska na shiga dare da rana. Ana gwada ta da takarda: a rufe ƙofa a kanta a ja, in ta zare salin-alin, roba ta gaji. Wannan gwajin kam Alhaji ya so shi, don ya samu dalilin zaro sabuwar dubu a gaban baƙi. Ya yi ta yi har bayan an tabbatar robar lafiyarta ƙalau.

Ranar da aka kwashe kaya za a shanya kafet, yarinyar da ke musu shara ta tsuguna tana goge cikin firijin. Ta ga ramin ya cushe da gasarar kunu da ɗan guntun leda. Ta karyi tsinken tsintsiya ta zungura, ta bi shi da ruwan ɗumi a murfin buta, ya wuce zuruf. Tun daga ranar ko ɗigo.

Inna ta ce ai ta san hayaƙin ba ya aiki nan take. Mai gyara ya dawo karɓar cikon kuɗinsa, yana cewa gas sai ya kwana biyu yake zama. Alhaji ya shaida wa majalisa cewa wani injiniya ya yi wa waya a Kano. Yarinyar kuwa ta sha faɗa wurin uwargida, don tsintsiyar sabuwa ce.