Majalisar Tsohuwar J5

A Faransa, mutum yakan sayi tsohuwar Peugeot J5, wadda aka fara fitarwa a 1981, ya sa mata gado da murhu da labule, ya kwashi iyali a tafi bakin teku shan iska. A Jibiya, mai irin wannan buri sai ya fara da neman bulo huɗu da zai ɗora ta a kai a ƙofar gida, don tayoyin tuni an yanka su an yi takalma. Daga ranar da ya ɗora ta kuwa ya buɗe majalisa, ko ya so ko ya ƙi.

Shi mai motar maganarsa ba ta wuce "saura kaɗan". Tsatsa ta cinye ƙasan ƙofa har ɗan akuya na shiga ba sai an buɗe masa ba, amma in ka tambaye shi zai ce bodi ne kawai, injin lafiya lau yake.

Farkon zuwa kullum tsohon direba ne, da butarsa da carbinsa. Yakan ƙwanƙwasa bonet da ɗan yatsa, ya kasa kunne, ya girgiza kai. "Yaro, ai mota ta ƙare tun da aka daina harhaɗa 504 a Kaduna." Daga nan sai labarin yadda yake tashi daga Magama ya ratsa Ɗan Isa ya shiga Maraɗi shayinsa bai huce ba. Ba a taɓa ganin sifana a hannunsa ba. In aka ce, "Baba, riƙe mana nan," lokacin ne yake tuna bai yi alwala ba.

Akwai kuma mutumin Maraɗi, wanda ni a ganina ya fi kowa cin ribar tarihi. Duk abin da aka rasa, shi ya san inda yake. "Kafireto? Akwai ta a Maraɗi, Beljiyam, ko ƙura ba ta sha ba." Ya karɓi kafin alƙalami, sai ga shi a watan Agustan 2019 gwamnatin Buhari ta rufe boda. A Disambar 2020 aka buɗe Illela da Maigatari aka bar Jibiya, ya ce ai kowa shaida ne ba laifinsa ba ne. Da aka buɗe ta Jibiya a Afrilun 2022, ya zo da albishir cewa kayan na nan, sai dai sefa ta tashi, a ɗan ƙara wani abu. Aka ƙara. Sojojin Nijar suka kifar da Shugaba Bazoum ranar 26 ga Yuli, 2023, aka sake rufewa, har sai Maris na 2024. Yanzu cewa yake a yi haƙuri jirgin ƙasan Kano zuwa Maraɗi ya fara aiki, kayan ya zo cikin mutunci. Duk wannan kuwa irin kafireton na jibge a Ƙofar Ruwa a Kano.

Ɗan fito ba ruwansa da gado ko labule. Yakan leƙa ciki ya auna da ido, leɓensa na motsi, yana ƙidayar buhunan shinkafa. Shawararsa biyu ce: a ƙara sifirin a baya, kuma kada a kuskura a yi fenti, don sabon fenti ke jawo idon kwastan. Da can yana matsa wa a sa tanki biyu, amma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 ya rage wannan zancen.

Mai walda ya cire ƙofar baya ya tafi da ita gareji, yana jiran a kawo wuta. Ƙofar dai ita ke yi wa mai shayi inuwa.

Sai yaron waya, ɗalibi mai hutu, wanda ya kalli Bature a YouTube ya mayar da irinta gida cikin minti goma sha biyar. Ya zare wayoyin gaban sitiyari ɗaya bayan ɗaya yana bin bidiyon, data ta ƙare kafin a kai wurin mayarwa. Yana nan yana zancen sola a kan rufi.

Wanda ya fi kowa ladabi ɗan gwangwan ne. Yakan ajiye kurarsa nesa, ya durƙusa ya gaishe da mai motar kamar mai dubiyar marar lafiya: "Alhaji, ya jikin nata?" A aljihunsa akwai maganaɗisu, a kurarsa akwai sikeli. Ba ya taya ta, ba ya gaggawa. Ya san damina tana yi masa aiki.

Ita uwargida ba ta zama a majalisa, amma ita kaɗai ta cika burin. Buhun gero na baya, shanya na kan madubi, yara na barcin rana a ciki, kaza kuma ta yi kwanci a kujerar direba. Ran da aka tara samarin unguwa za a sauke motar daga bulo a gwada turi, sai muryarta ta fito daga zaure: "Maigida, a bari kazar nan ta ƙyanƙyashe tukuna." Nan take ya amince, don batirin da ya aro mai shi ya zo ya ɗauke tun da asuba.